WACE ƘUSA CE TA FARI? BAYANI A KAN CIKIN KUBA DA KWAƊO

Kowane malamin ofis ko na makaranta yana da 'yan mabuɗai a aljihunsa: na akwatin kuɗi, na ɗakin ajiya, na kabad ɗin da a ke ajiye takardun jarrabawa. Muna murɗa su safe da yamma, mu tafi gida hankali kwance. Amma in aka tambayi mutum goma abin da ke faruwa cikin kuba sa'ad da mabuɗi ya shiga, da ƙyar a sami ɗaya da zai iya amsawa. Wannan kuwa amana ce ta jama'a mu ka danƙa wa ɗan ƙarfen da ba mu san halinsa ba.

Akwai wata tambaya da duk mai koyon aikin gyaran makulli ya ke yi wa maigidansa ran da aka fara nuna masa yadda a ke buɗe kubar da mabuɗinta ya ɓace. Ya kan ce, ƙusoshin nan biyar da ke ciki, wacce zan fara ɗagawa, ta gaba ko ta ƙurya? Amsar wannan tambaya ita ce ke nuna inda ƙarfin kuba ya ke, da inda rauninta ya ke. Saboda haka ta cancanci mai riƙon mabuɗi ya san ta, ko da ba zai taɓa riƙe kayan aikin maƙeri ba.

Yadda cikinta ya ke

Irin kubar da ta fi yawa a ƙofofinmu da kwaɗunanmu ita ce wadda wani mutumin Amurka, Linus Yale ƙarami, ya kyautata ƙirarta, ya yi mata rajista a 1861 da 1865. Dabarar kanta tsohuwa ce ƙwarai. Tun zamanin da mutanen Masar suna yin sakata ta itace mai 'yan turaku da ke faɗowa cikin ramuka su riƙe ta, sai an sa mabuɗin itace an ɗaga su kana ta zare. Dogon da Bambara na ƙasar Mali sun shahara da sassaƙa irin wannan sakata don rumbuna da ɗakuna. Abin da Yale ya yi shi ne ya mai da dabarar ƙarama, ta tagulla, da ɗan mabuɗi mai faɗi mai haƙora a gefe.

Kubar nan kashi biyu ce. Akwai gida, watau ƙarfen waje wanda ba ya motsi. Akwai kuma zuciya, watau dunƙulen ƙarfe mai kama da guntun rake da ke juyawa cikin gidan, wanda a jikinsa ramin mabuɗi ya ke. An huda ramuka a jere, galibi biyar ko shida, sun ratsa gidan sun shiga zuciyar. Cikin kowane rami akwai ƙusa biyu, ɗaya bisa ɗaya, da ɗan sifirin yana danna su. Ta ƙasa ita ce mabuɗi ke taɓawa, kuma tsawonta ya bambanta daga rami zuwa rami. Ta sama kuwa, in babu mabuɗi, tana tsaye ne rabinta cikin gida rabinta cikin zuciya, ta gitta kan iyakar da ke tsakaninsu. Muddin ƙusa ko ɗaya tana kan wannan iyaka, zuciya ba ta juyawa.

Aikin mabuɗi shi ne ya ɗaga kowace ƙusa daidai gwargwadonta, har mahaɗar ta sama da ta ƙasa ta zo daidai kan iyaka. Inda haƙorin mabuɗi ya yi zurfi, ƙusar ƙasa doguwa ce; inda ya yi tudu, gajera ce. Da duka biyar sun daidaita a lokaci guda, sai zuciya ta juya, sakata ta janye.

Lissafin da ke cikin al'amarin

Malaman lissafi za su ji daɗin wannan. A ce kowace ƙusa tana iya zama ɗaya daga tsawo iri 10. Ƙusa biyar ke nan za su ba da 10 sau 10 sau 10 sau 10 sau 10, watau mabuɗi iri 100,000. A aikace ba su kai haka ba, gama masu ƙira ba su yanka haƙori mai zurfi ƙwarai dab da mai tudu ƙwarai, don kada mabuɗi ya maƙale. Amma mu bar shi a 100,000. Wanda ya ce zai gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowanne minti guda, sai ya yi fiye da kwana 69 ba barci kafin ya ƙare.

To, amma wannan lissafi yana tsaye ne bisa sharaɗi guda: dole a daidaita ƙusoshin duka tare, kuma kuba kada ta nuna wa mai gwaji ko ya dace da ɗaya daga ciki. In da hali a tambayi kowace ƙusa ita kaɗai, lissafin ya tashi daga ninkawa ya koma tarawa: 10 da 10 da 10 da 10 da 10, watau gwaji 50 kawai. Tsintsiya ce aka kwance, kowane tsinke yaro ma ya karya shi. Duk sana'ar buɗe kuba ba da mabuɗi ba a kan wannan bambanci ta ke, tsakanin 100,000 da 50.

Dalilin da ya sa ƙusa ɗaya ke riga sauran

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ke jikin kuba ita ce, babu injin da ke huda ramuka biyar a kan layi ɗaya sak. Wani rami ya kan karkata dama da abin da bai kai kaurin gashi ba, wani hagu, wani ya ɗan fi sauran faɗi. Ƙusoshin ma kaurinsu ba ya zama ɗaya daidai. Dole kuma a bar ɗan sarari tsakanin ƙusa da raminta, in ba haka ba ba za ta yi sama da ƙasa ba.

Mai gyara yana aiki da ƙarfe biyu. Na ɗaya lanƙwasasshe ne, yana sa shi a bakin ramin mabuɗi ya ɗan murɗa zuciyar a hankali. Na biyu siriri ne mai ɗan ƙugiya a kai, da shi ya ke taɓa ƙusoshin. Da ya murɗa, zuciya za ta ɗan motsa har ta ci karo da ƙusar da raminta ya fi karkata zuwa wajen. Wannan ƙusa ita kaɗai ke ɗauke da nauyin murɗin, ta matse tsakanin gida da zuciya. Sauran huɗun suna nan sake, in an taɓa su sai su yi sama su dawo da ƙarfin sifirin.

Misalinsa kamar mutum biyar ne su ka sa kai za su ɗauki azara guda. Wanda ya fi tsawo shi azarar ke fara sauka a kansa, sauran ba su ji komai ba tukuna. Sai ya durƙusa kana nauyin ya koma kan mai bi masa a tsawo.

In mai gyara ya ɗaga wannan matsattsiyar ƙusa sannu sannu har mahaɗarta ta kai iyaka, sai zuciya ta ƙara juyawa ɗan kaɗan, ya ji wani ɗan ƙas a yatsansa. Juyawar nan ta bar ɗan gefe wanda ƙusar sama za ta zauna a kai, ba ta komawa ƙasa. Ɗaya ta ƙare ke nan. Nan take nauyin ya koma kan wata, ita ma a neme ta a ɗaga. Haka har ta biyar.

Ga amsar tambayar ɗan koyo ke nan. Ba shi ke zaɓen jerin ba, an riga an zaɓa tun ran da aka huda ramukan a masana'anta. Wata kuba jerinta 3, 5, 1, 4, 2. 'Yar'uwarta da aka ƙera rana ɗaya, aka sayo a kanti ɗaya, nata jerin dabam. Ƙusa biyar suna iya jeruwa hanya 120, watau 5 sau 4 sau 3 sau 2 sau 1. Shida kuwa hanya 720. Wanda ya ce zai yi ta cinta, ya ɓata ranarsa. Amma wanda ya bi da tambaya, ya taɓa biyar ya sami ta fari, ya taɓa huɗu ya sami ta biyu, haka har ƙarshe, taɓawa 15 ta ishe shi. Wani abin lura kuma, in aka murɗa zuciyar ta ɗaya wajen, jerin ya kan sake, sau da yawa ma ya juye, gama ramin da ya fi karkata dama shi ne ya fi nisa daga hagu.

Abin da ya rage ga mai koyo

Ko da ya ke kuba ce ke da jerin ɗagawa, jerin bincike yana hannun mai aiki. Masu koyarwa da yawa su kan ce a fara lalube daga ƙurya a fito waje, ana ƙidaya ƙusoshin, don mutum ya san ko yaushe a kan ta nawa ya ke. Akwai kuma dalili na biyu. Ƙarfen da zai kai ƙurya dole ya wuce ƙarƙashin na gaba. In ta gaba doguwa ce, ta bayanta kuwa gajera mai bukatar a ɗaga ta sosai, jikin ƙarfen ya kan ture ta gaban ba da niyya ba. Irin wannan jeri na dogo a gaba, gajere a baya, shi ya fi ba masu koyo wuya.

Abin da a ke so yatsa ya koya shi ne rarrabe hali huɗu. Ƙusar da ba a zo kanta ba tana da laushi, tana turo ƙarfe. Wadda ke kan aiki tana da tauri. Wadda ta zauna, ta ƙasanta ta kan yi sakwa-sakwa, babu sifirin a kanta. Ta huɗu ita ce wadda aka zarce da ita, watau aka tura har ƙusar ƙasa ta hau kan iyaka ta tsaya inda ta sama ta ke a da. In haka ta faru, sauran duka sai su yi laushi, a yi ta lalube ba a sami mai tauri ba. Maganinsa a sassauta murɗi har ta faɗo, ko da waɗansu da aka riga aka zaunar za su biyo ta.

Yawancin kuskuren masu koyo a murɗi ya ke. In ya yi yawa, ƙusa biyu ko uku su matse tare, jerin ya ɓace, ƙarfe ya lanƙwashe. In ya yi kaɗan, waɗanda aka zaunar su zube. Gaggawa ba ta da amfani a nan ko kaɗan.

Hanyar da a ke koyar da wannan aiki za ta yi wa malaman makaranta kama da abin da su ka sani. A kan kwance kuba a cire ƙusoshi a bar ɗaya tak. In ɗan koyo ya san yadda zaman ƙusa ke ji a yatsa, a ƙara ta biyu, a nan ne zai fara gane cewa ɗaya na riga ɗaya. Sa'an nan ta uku, har biyar. Wanda aka miƙa wa mai biyar ran farko, ko ta buɗe bai san dalili ba, gobe kuma ba zai iya maimaitawa ba. Daidai ne da yaron da ya haddace jadawalin sau bai san tarawa ba.

Gasar London ta 1851

Masu ƙera kuba sun daɗe da sanin wannan rauni. A 1778 Robert Barron na Ingila ya fito da kuba wadda in an ɗaga abin cikinta ya gaza ba ta buɗewa, in ya zarce ma ba ta buɗewa. A 1784 Joseph Bramah ya yi rajistar tasa. Ya amince da ita har aka kafa ɗaya a tagar kantinsa a London, da alkawarin gini 200, watau fam 210, ga duk wanda ya buɗe ta. Bramah ya rasu a 1814 ba wanda ya ci kuɗin. A 1818 kuma Jeremiah Chubb ya ƙera wata mai wayo: in mai lalube ya zarce da abu ɗaya a ciki, sai ta kama shi ta ƙi motsi, ko mai ita ya zo da mabuɗi sai an fara sake ta. Ta haka ya ke sanin an taɓa masa ƙofa.

A 1851, shekarar babban baje kolin London, wani Ba'amurke mai suna Alfred Charles Hobbs ya zo tallar kubobin kamfanin Day & Newell na New York. Don ya nuna nasa sun fi, ya buɗe ta Chubb a gaban shaidu cikin abin da bai kai awa guda ba. Sa'an nan ya fuskanci ta Bramah, ya yi awa 51 a kanta cikin kwana 16, ta buɗe. An yi gardama, amma daga bisani aka biya shi. Kubobin nan biyu cikinsu ba irin na Yale ba ne, amma hanyar Hobbs ita ce wadda mu ka bayyana: a matsa kaɗan, a nemi abin da ya ɗauki nauyi, a daidaita shi, a nemi na gaba.

Hankalin masu bankuna da 'yan kasuwa ya tashi, waɗansu su ka ce bai kamata a riƙa bayyana irin wannan a fili ba. A littafin da aka buga a 1853 bisa bayanan Hobbs, wanda Charles Tomlinson ya tsara, an amsa musu da cewa ɓarayi sun riga sun sani, mai gida ne kaɗai a ke bari cikin duhu. Abin da ya biyo baya ya gaskata shi, gama masu ƙira sun koma sun gyara aikinsu.

Yadda a ke rikita jerin

Gyaran da ya fi yaɗuwa shi ne a sake siffar ƙusar sama. Wata a kan yi ta da siririn ƙugu kamar kalangu, wata a yi mata tsaga-tsaga a jiki. Mai ƙugun kalangu in ta kai rabi sai gefen zuciya ya faɗa cikin ƙugun, zuciya ta juya sosai, mai lalube ya zaci ya gama, alhali an yaudare shi ne. Kafin ya fid da ita sai ya bar zuciya ta ɗan koma baya, komawar nan kuwa ta kan zubar da waɗanda ya riga ya zaunar, ya sake bin su. Mai tsaga-tsaga kuma tana ba da ƙas na ƙarya sau biyu ko uku kafin na gaskiya. Mafi muhimmanci duka shi ne kyawun ƙira: in ramuka sun kusa zama kan layi ɗaya, bambancin da yatsa zai ji ya ƙanƙance. Wannan ne babban abin da ya raba kuba mai tsada da mai araha, ko da a ido kamarsu ɗaya. Akwai kuma waɗanda su ka bar ƙusa da sifirin gaba ɗaya, kamar kubar Abloy ta ƙasar Finland, wadda Emil Henriksson ya ƙago a 1907, mai aiki da 'yan faya-fayai masu juyawa.

A Turai da Amurka buɗe kuba ya zama abin wasa da gasa. An kafa ƙungiyar masu yinsa a Jamus a 1997, wata mai suna TOOOL a Holan a 2002. Suna da ƙa'ida biyu da ya kamata duk mai sha'awa ya riƙe: kada ka taɓa kubar da ba taka ba sai da iznin mai ita, kada kuma ka yi gwaji a kan wadda a ke amfani da ita, gama tana iya lalacewa. Wanda ya buɗe ƙofar wani ba izni, shari'a ba ta tambayarsa ko da guduma ya shiga ko da tsinke.

Ga masu riƙon amana

Abin da mai mabuɗin ofis zai ɗauka daga wannan bayani ga shi. Kuba jinkiri ta ke saye, ba ta hana shiga har abada. Saboda haka a auna ta da abin da ta ke tsaro. Kwaɗon da ya isa ɗakin tsintsiya da alli bai isa kabad ɗin jarrabawa ko akwatin albashi ba. Wurin da ya ke da muhimmanci a nemi mai ƙusa shida, a tambayi mai sayarwa ko tana da ƙusoshin yaudara.

A duba abin da kubar ke maƙale da shi. Ɓarawo bai cika zama yana lalube ba in ƙusoshin maratayin suna waje inda zai kwance su, ko katakon ƙofar gara ta ci shi.

A yi hattara da babban mabuɗi mai buɗe ɗakuna duka, irin wanda a ke yi wa makarantun kwana da manyan ofisoshi. Don a samu haka a kan ƙara 'yar ƙusa ta uku a ramuka, kowane rami ya zama yana da mahaɗa biyu, lalube ya ƙara sauƙi. A 2003 wani masani, Matt Blaze, ya nuna cewa mai mabuɗin ɗaki ɗaya, in ya sami 'yan mabuɗan da ba a yanka ba, yana iya gano babban. Ɗakin kuɗi da na takardun sirri kada a sa su cikin wannan tsari.

Mabuɗi kansa kada a yasar da shi bisa tebur. A 2008 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta San Diego sun nuna ana iya yanka mabuɗi daga hotonsa da aka ɗauka daga nesa, ga shi kuwa yau kowa da kyamara a wayarsa. A ajiye littafi mai nuna mabuɗi nawa ne, wa ke riƙe da kowanne, ran da ya karɓa da ran da ya mayar. In ɗaya ya ɓace, ko an yi wa mai riƙo canjin wurin aiki bai cika lissafin mabuɗai ba, a sake kuba a ranar, kada a jira sai an ga ɓarna.

Daga ƙarshe, kubar da ta fara tauri kada a ɗura mata man gyaɗa ko baƙin mai. Ƙurar hunturu za ta haɗu da man ta zama laka, sifirin ya kasa danna ƙusa, wata ta maƙale a sama, kuba mai ƙusa biyar ta koma mai huɗu ba wanda ya sani. Garin bakin fensir kaɗan a jikin mabuɗi ya wadatar. In ta ƙi, a kira mai gyara, a tsaya a kansa har ya gama.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.